Bayyumi Ya Ja wa Jirgin Marigayi Waya

Ranar da aka share makokin mijina, ana kwashe kujeru da kofunan gahawa, ƙaninsa Bayyumi ya tsaya a tsakiyar falona, ya soka manyan yatsunsa a hammatar falmaran, ya ce, "Matar yaya, share hawayenki. Jirgin nan ni zan tayar da shi. Ranar arba'in duk garin Tanta sai ya san gidanmu bai rasa injiniya ba."

Matarsa Atiyyat tana tattara cokula, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ƙwan fitilar bayinmu ma mai gadi ke canza mana."

"Wannan ƙaramin aiki ne, bai kai matsayina ba," in ji shi.

Mijina, Usta Abdus-Sabur (Usta muke ce wa gwanin sana'a), a tashar jirgin ƙasa ya ƙare ƙuruciyarsa, yana jan ƙarfen da ke juya layin dogo, jirgi ya bar wannan hanya ya kama waccan. Da ya yi ritaya zaman shagon shayi ya gagare shi, sai ya fara gina tashar a gida, 'yar ƙarama. Ta fara a kan tebur, ta cinye falo, ya huda bango ta shige ɗakin da yara suka bari, ta leƙa baranda ta dawo. Ga dandamali, ga gada, ga dabino, ga ɓauna a gona, ga mai sayar da wake da tukunyarsa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. A can ƙarshen ɗakin yara wani ɗan layi ya rabe zuwa tashar ƙauyenmu, inda wata 'yar mace mai koren mayafi take tsaye da kwanon abinci a hannu. Ni ce. A nan ya fara ganina ina kai wa babana abincin rana.

Jirgin bai taɓa shiga wannan ɗan layin ba. Usta ya ce sai ranar da komai ya kammala. Ya saka wa kowane majuyi ɗan inji kamar akwatin ashana, ya ƙera allon maɓallai kusa da kujerarsa a falo. Ya ce, "Ni'imat, shekara da shekaru ina juya layi da kafaɗa, wannan karon da ɗan yatsa zan juya." Waya kaɗai ta rage. Har ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa. Ya sauka zai sayo wayar, ya zauna a matakala ya ɗan huta, bai tashi ba.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, aji huɗu na yi aka cire ni. Amma da Usta Hilmi, tsohon direban jirgi kuma aminin mijina, ya zo ta'aziyya, na ce masa su dawo ranar sadakar arba'in, za su ga jirgin ya shiga ƙauyenmu ya tsaya. Na faɗa kafin in yi tunani. Ga shi ina takaba, ba fita. Ɗana Ra'afat ya koma wurin aikinsa a Kuwait. Wanda ya rage mini shi ne Bayyumi, wanda ke zaune a hawan da ke ƙasa da namu.

Aikin da Bayyumi ya yi duk rayuwarsa shi ne karanta mitar lantarki gida-gida. A nan kuwa duk wanda ya soke sukudireba a aljihu muna kiransa Bashmuhandis, wato babban injiniya, balle mutumin da alƙalaminsa ke rubuta wutar da ka sha. Kowa ya san ladabi ne kawai. Shi kaɗai bai sani ba.

Washegari da hantsi na ji nishi a matakala. Sai ga Ammu Sha'aban mai gadi ya shigo da wata baƙar waya a naɗe a wuyansa kamar mesa, Bayyumi na biye da shi hannu a baya.

Na ce, "Bayyumi, wannan ba irin wayar na'urar sanyaya ɗaki ba ce?"

"Ta fi ta. Matar yaya, waya hanya ce. In ta yi faɗi, wuta ta taho a sake da 'yan rakiyarta. In ta yi ƙunci, a tsaitsaye za ta zo. Yayana ba mutumin lungu ba ne."

"To ramin injin ai bai fi kafar allura ba."

"Zai saba."

Ya fere bakin wayar da wuƙar kicin ɗina, ya goga a dutsen baranda, ya tauna da filaya, har ya samu ya cusa zare biyu a cikin ramin ya ɗaure. Sauran jikin wayar ya ƙi lanƙwasa. Ya sa Ammu Sha'aban ya taka ta nan, Atiyyat ta zauna a kanta can, shi kuma ya danne tsakiya da gwiwa yana jawabi.

"Na gaya muku, lantarki kamar doki yake, yana gane mahayinsa."

Daidai nan Atiyyat ta miƙa hannu za ta ɗauki shayinta, ta ɗan ɗaga. Wayar ta miƙe fit. Dandamalin tashar Tanta ya tashi sama da fasinjojinsa, gada ta kife, wutsiyar wayar ta fyaɗe rawanin Ammu Sha'aban ta rataye shi a fitilar silin. Mai sayar da wake ya yi tsalle ɗaya ya faɗa cikin kofin Atiyyat.

Ta tsamo shi da cokali, ta ce, "Ga abokin aikinka ya nutse, Bashmuhandis."

"Yanzu mun tabbatar wayar tana da ƙarfi," in ji Bayyumi. "Abin da nake son gani ke nan."

Ammu Sha'aban ya hau kujera yana ciro rawaninsa, ya ce, "Wallahi ni ma na gani."

Na yini ina manna fasinjoji. Shi kuma ya tafi shagon Hajji Mitwalli mai kayan wuta zai sayo wata. Bai jima ba ya dawo hannu wofi, yana huci. Ashe da ya shiga, Hajji ya ce masa, "Sannu da zuwa, Ammu Bayyumi, yaya ƙarin haƙuri?" Ammu, wato baffa, kamar yadda ake kiran mai gadi, ba Bashmuhandis ba! A gaban mutane! Nan take ya yi rantsuwa ƙafarsa ba za ta ƙara taka shagon ba, da shi da duk shagunan layin, tunda 'yan dangi ɗaya ne.

"To a ina za ka samo wayar?" na tambaye shi.

"Injiniya ba ya saye, ƙirƙira yake."

Ƙirƙirar ita ce rediyon Atiyyat. Ta fita kasuwa ta bar ta tana waƙa a kan firji, ta dawo ta tarar da hanjinta a kan tabarma. Ya warware wata jar waya daga ciki, siririya kamar gashin jariri.

"Ilimin zamani ke nan," ya ce, yana jan ta daga falo, ta ramin bango, har ɗakin yara. "Ƙaramin inji, ƙaramar waya. Ba a sa wa sauro linzamin raƙumi. Wane jahili ne zai kawo ƙatuwar waya nan?"

"Wanda ya kashe mini rediyo," in ji Atiyyat.

Ya danna maɓalli. Can ciki injin ya yi wani ɗan kuka, ziiii, kamar sauro a kunne. Layi bai motsa ba.

"Yana tunani ne," in ji Bayyumi. "Hanyar da nisa, wutar ta gaji. A ba ta lokaci."

Na ce masa na sha jin Usta yana cewa irin wannan inji taɓawa ɗaya ake yi a saki. Ya ce yayansa, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙarfe ne ba mutumin wuta ba. Ya ɗauko dutsen gugata ya ɗora a kan maɓallin don ya zauna a danne, ya tafi ɗakin yara ya ga isowar wutar da idonsa.

Ta iso kuwa. Wayar ta yi ja kamar zaren garwashi, ciyawar gonar da Usta ya yi da garin katako ta fara hayaƙi, ɓauna guda ta durƙusa a hankali ta narke ta zama kwalta. Bayyumi ya ciccibi gonar ya ruga baranda da ita yana ihu a kawo ruwa. Sitti Wadida, maƙwabciyarmu ta sama, tana shanya a tata barandar, ta ga hayaƙi na tasowa. Ba ta tambayi kowa ba ta juyo bahon wankinta gaba ɗaya.

"Ummu Ra'afat! Kuna raye?" ta ƙwala mini kira daga sama.

"Muna raye, Sitti Wadida. Bashmuhandis ne yake aiki."

"Ayya. Da na sani da na ƙara da bokiti."

Bayyumi ya shigo yana ɗiga, da safar mijin Wadida a kafaɗarsa. Ya ce kowace tasha ta kirki sai an yi mata gwajin gobara.

Nan na ce ya isa. Na ce zan aika a kira mini kowane mai gyaran wuta ne a gari, kafin garin neman gira in rasa ido. Sai Bayyumi ya zauna dirshan a ƙasa. Can ya ce, "Matar yaya, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Yana raye ban taɓa riƙe masa ko ƙusa ba, dariya nake masa ina cewa tsoho da wasan yara. Ki bar ni in yi masa wannan." Hawaye na gaske ya zubo. Na ce to.

Yana zaune a ƙasan nan ne idonsa ya faɗa kan wani ɗan murfi a bango, bayan kabad. Ya ɓalle shi da sukudireba. Sai ga damin wayoyi masu launi-launi, ba kauri ba siranta. Ya rarrafa ɗakin yara, ya sami wani murfin irinsa da wayoyi irinsu. Hawaye ya bushe nan take.

"Allahu akbar! Marigayi ya riga ya ja waya a cikin bango! Ga ta daga falo har nan, daidai wa daida!"

"Bai taɓa gaya mini ba," na ce. "Kuma benen nan ya girme mu duka."

"Ba komai namiji ke gaya wa mace ba." Ya ɗora harshensa a kan wata shuɗiya, ya ɗanɗana. "Matattu ne, babu wuta. Jira suke a ba su aiki."

Ya yanka nan, ya haɗa can, ya naɗe da salatif. Ya koma kujerar Usta ya danna. Tak! Layin gaban dandamali ya juya. Ya danna wani. Tak! Na rufe bakina da mayafi. Atiyyat ta ce, "Ikon Allah, makaho ya tsinci allura." A daidai lokacin na ji ƙararrawa ta kaɗa a sama, na ji takun silifas ɗin Sitti Wadida, na ji ta ce, "Waye?" Ban kawo komai a raina ba.

Maɓalli ɗaya ne bai danna a gabana ba, na layin ƙauyenmu. Na ce ya gwada. Ya ce ya gwada ina salla, lafiya lau, kuma ba a buɗe fuskar amarya kafin ranarta.

Daga ranar Bayyumi ya tare a kujerar. Safe da yamma yana danne-danne, yana kiran duk wanda ya zo ta'aziyya ya ga aiki. Daga ranar kuma benenmu ya rikice. Sitti Wadida ta buɗe ƙofa har hannunta ya yi kanta, ba kowa. Ustaz Girgis, tsohon malamin makaranta da ke hawan ƙarshe, mai ciwon gwiwa, ƙararrawarsa mai kukan tsuntsu ce. Sai ya lallaɓa ya zauna, tsuntsu ya yi kuka. Ya ja kujera bayan ƙofa ya zauna da sanda, tsuntsu ya yi kuka, ya fizge ƙofa, iska.

Ya sauko da kyar ya tsare mai gadi. "Sha'aban, barci kake 'yan iskan titi suna wasa da maɓallan ƙofa!"

"Ustaz, na rantse da abincin da na ci, ko ƙuda bai sauka a kansu ba. A gabansu nake yini."

Sitti Wadida ce ta warware matsalar. Ta ce ai marigayi ne yake sallama da maƙwabta kafin arba'in. Ta cika matakala da turaren wuta. Da ƙararrawa ta kaɗa sai ta buɗe ta ce wa iska, "Mun yafe maka, Usta, je ka huta. Tukunyar da matarka ta ara ma na bar mata." Ustaz Girgis ya ce shi bai yarda da wannan zance ba, amma Atiyyat ta ga ya kunna kyandir a bakin ƙofarsa.

Bayyumi ya tsaya a matakala cikin hayaƙin turare ya yi musu bayani. "Ba aljani ba ne, ba fatalwa ba ce. Wani jahili ne ya taɓa wayar benen nan. Ku bari in gama da jirgi, zan gano shi."

Ni ma ina da nawa. Wani lokaci da rana ina zaune ni kaɗai, ba kowa a kujerar, sai in ji tak daga wajen layin. Ban ji tsoro ba. Nakan ce, "Sannu da aiki, Usta," in ci gaba da jan carbina.

Ranar arba'in falo ya cika. Ga Usta Hilmi da tsofaffin ma'aikatan jirgi sun jeru da kwat ɗinsu na salla, ga maƙwabta, ga malam mai karatu. Abin da ban sani ba, Ustaz Girgis ya ba mai gadi umarni: yau a kulle ƙofar titi da makulli, kada 'yan iska su ɓata taro. Ammu Sha'aban ya ga baƙi sun gama shigowa, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu, ya hawo kallon jirgi. Bai san Atiyyat ta fita karɓo tiren shinkafa da nama daga wurin mai dafawa ba.

Malam ya yi karatu, aka yi addu'a, aka shafa. Sai Bayyumi ya fito daga ɗaki da hular aikin mijina a kansa, ta sauko masa har kunne, da usur a wuya. Ya jera jirage biyu, na fasinja da na kaya. A kan taragun na kaya ya ɗora ƙananan kofuna cike da gahawa mai ɗaci.

Na ce a hankali, "Bayyumi, ɗaya ya isa."

"Matar yaya, yau jirgi ne zai raba gahawa. Ko a Turai ba a yi ba." Ya juya ga jama'a. "'Yan'uwa, abin da za ku gani aikin shekara talatin ne a cikin lantarki."

"A bakin ƙofar lantarki dai," in ji wani tsoho daga baya.

Ya busa usur. Jirage suka tashi. Tsofaffin nan suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su tashi, malam ma ya gyara tabarau ya matso. Jirgin fasinja ya ratsa gada, ya shige ramin bango. Na bi shi ɗakin yara. Ya doshi majuyin ƙauyenmu. Na ji Bayyumi ya ce, "Bismillahi!" Shiru. Jirgin ya wuce ta gaban mai koren mayafi ko waiwaye babu.

Na leƙo falo na dube shi. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

"Zagayen gaisuwa ne wannan," ya ce. "Na biyu ne na shiga."

Sai tak! Majuyin gaban dandamali ya juya, hannun Bayyumi na kan usur. Tak! Tak! Na bayan gada ya juya, ya dawo, ya sake juyawa. Atiyyat ce a titi, tire mai zafi a kanta, hannu biyu riƙe da shi, ƙofa a kulle. Sunayen da ke jikin maɓallan ƙararrawa sun goge tun zamanin sarki, ita kuwa ba ta taɓa buƙatarsu ba. Sai ta shiga dannawa da gwiwar hannu, duk wanda ta samu.

Jirgin gahawa ya bar hanyarsa ya doshi na fasinja gaba da gaba. Usta Hilmi ya manta shekarunsa, ya daka tsawa, "Layi na biyu! Ba shi layi na biyu, ɗan'uwan marigayi!" Bayyumi ya faɗa wa allon da yatsu goma. Duk dannawa ɗaya sai ƙararrawa ta amsa a sama, ga gidajen ba kowa, ƙara na sauka ta matakala kamar ana biki.

Sitti Wadida ta ɗora hannu a ka. "Ya zo! Usta ya zo kallon jirginsa! Mun yafe maka, bawan Allah!"

Ustaz Girgis kuwa ya karkata kai. Kunnensa na sama, idonsa na kan yatsan Bayyumi. Ya matso da sandarsa.

"Bashmuhandis, ɗan sake danna jan nan."

"Ustaz, ina cikin aiki."

"Danna."

Ya danna. Can sama tsuntsu ya yi kuka.

"Sake."

Tsuntsu ya sake kuka. Duk ido ya koma kan Bayyumi.

"Kai ne," in ji Ustaz Girgis. "Kai ne jahilin da za ka gano. Gwiwoyina! Kyandir ɗina!"

"Turarena!" in ji Sitti Wadida. "Ummu Ra'afat, tukunyar nan ina sonta!"

"Ni da aka ce ina barci!" in ji Ammu Sha'aban.

Bayyumi ya ɗaga hannu zai yi bayani. Tak! Jirgin gahawa ya kauce wa na fasinja da faɗin gashi, ya kama wani guntun layi da Usta bai ƙarasa ba, wanda ya ƙare a bakin tebur daidai kan kujerar. Taragu suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sauke kofinsa a cinyar Bayyumi. Ya yi wata ƙara ya tashi sama, kansa ya daki fitilar silin, hular ta tashi ta sauka a kan malam. Sauran gahawar ta gangara ƙarƙashin tebur, inda ɗan taransifoman jirgin yake, ya fara tsaki yana tofar da hayaƙi.

Ni ban tsaya ba. Na ga jirgin fasinja ya sake shiga ramin bango, na bar su da ihunsu na koma ɗakin yara. Usta Hilmi ya biyo ni yana jan ƙafa. Jirgin ya zagayo gonar da ta ƙone, ya wuce kwaltar da ta kasance ɓauna, ya doshi majuyin. Ba kowa a allon maɓallai. Na ce a raina shi ke nan, na yi wa mutane alkawarin da ba nawa ba.

Tak!

Layin ya juya. Jirgin ya karkata ya shiga ƙauyenmu. A falo taransifoma ya yi fat ya mutu. Jirgin ya rage gudu da kansa, ya gangara a hankali, a hankali, ya tsaya cak a gaban mai koren mayafi, ƙofar taragon farko daidai kwanon abincinta.

Usta Hilmi ya daɗe yana kallo. Sannan ya share ido da bayan hannu ya ce, "Tsayuwa mai kyau. Ko ni sai haka." Ya leƙa falo ya kira sauran. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya suna kallo.

Ana cikin haka ne muryar Atiyyat ta taso daga titi. "Ku buɗe ƙofar nan, marasa imani! Shinkafa ta dafa mini ƙwaƙwalwa! Na danna na danna, gidan kurame ne?"

Ashe gwiwar hannunta ce ta faɗa kan maɓallin gidana daga ƙarshe. Bayyumi ya yanke wayar ƙararrawata ya ɗaura wa injin ƙauyenmu ɓangaren da ya fito daga titi, shi ya sa nasa maɓallin bai taɓa aiki ba. Ba wanda ya lura, don ƙofata a buɗe take tun ranar rasuwa.

Bayyumi ya leƙo ɗakin, wandonsa na tururi. Ya ga jirgin a tsaye, ya ga fuskokin mutane. Nan da nan ya soka yatsu a hammata.

"Kun gani? Tsarin ke nan. Daga titi ake sarrafa shi. Na so in ba ku mamaki ne."

Sandar Ustaz Girgis ce ta ba shi amsa. Mutumin da gwiwa ta hana shi sauka sayen burodi ya bi Bayyumi hawa uku a guje, Sitti Wadida na biye da kaskon turare. Bayyumi ya isa ƙofar titi ya ja, a kulle. Makulli na aljihun Ammu Sha'aban, shi kuwa yana saukowa a hankali kamar mai ciwon baya. Ta gilashin ƙofar Atiyyat na kallon mijinta, tire a ka, romo na bin goshinta.

"Buɗe, Sha'aban!" in ji Bayyumi. Ya dubi matarsa. "A'a, kada ka buɗe!"

"Wanne zan bi, Bashmuhandis?" in ji Ammu Sha'aban.

Ya buɗe dai. Shinkafar da ta tsira mun ci, ta ishi kowa.

Bayan kwana biyu maƙwabta suka kawo mai gyara ya raba ƙararrawa da jirgi. Da ya zo kan tawa na ce ya bar ta yadda take. Ya ce, "Hajiya, ai ba za ta kaɗa ba." Na ce na sani.

Jirgin yana nan inda ya tsaya, ban ƙara tayar da shi ba. Mutane suna cewa ƙararrawar Ummu Ra'afat ta mutu, ba su san ina ji ba. In wani ya danna daga titi, sai in ji tak daga ɗakin yara. In ce, "Sannu da aiki, Usta." In je in mayar da layin da ɗan yatsa don na gaba, sannan in leƙa baranda in ga wanda ya zo. In Bayyumi ne, nakan bar shi a rana ya ɗan ƙara dannawa.